Mun Je Damagaram Neman Magani, Muka Ɓige da Kwaɓa Yumɓu

Tun da muka dawo ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ba. Wannan ya ce, "Malam Lawal, an dace kuwa?" Wancan ya ce, "Wai da gaske ne an gan ka zaune a tabarma cikin yara kana wasan ƙasa?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi tun daga tushe, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni mutumin Sandamu ne, sana'ata saye da sayar da dabbobi. Ƙetare iyaka ba baƙon abu ba ne a wurina, amma iyakacina kasuwannin bakin boda, in saya in juyo. Wannan karon ba dabba ce ta kai ni ba. 'Yata ta biyu, Zulai, mai shekara tara, sanƙarau ya kama ta bara waccan. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ta tashi ba ta ji. Bakinta lafiya lau, tana iya magana, sai dai da yake ba ta jin muryarta, takan ɗaga ta fiye da kima, yara su yi ta dariya. Daga nan ta rufe bakinta. Makaranta ma ta daina zuwa, don malami yana bayani ita kallon leɓensa kawai take. Mun yi na asibiti, mun yi na gargajiya, an ɗiga mata mai iri-iri a kunne, shiru.

Yayata Hadiza, wadda ke aure a Damagaram, ita ta kira ni ta ce akwai wani likitan kunne a can da ake yabo, in kawo yarinyar. Maiɗakina Rabi cikinta ya tsufa, babu halin doguwar tafiya, sai ya zama ni zan kai ta. Ƙanwar Zulai, Kulu, 'yar shekara shida, ta faɗi ƙasa tana birgima, wai sai an je da ita. Rabi ta ce, "Malam, ka tafi da ita. Zulai ba ta cin abin kirki in ba ta ga Kulu kusa ba." Haka na fita da 'yan mata biyu, ni da ban taɓa ɗaura wa yarinya ɗankwali ba.

Tun a tashar Daura asirina ya tonu. Ɗankwalin Kulu ya kwance, na kama na ɗaure mata shi kamar yadda nake ɗaure bakin buhu. Wata Hajiya mai sayar da atamfa da ke zaune a bayanmu ta ce, "Haba Malam, ai sai ka shaƙe kan yarinya! Miƙo ta nan." Daga nan har iyaka ita ta riƙe su. Da ta fahimci larurar Zulai, sai motar gaba ɗaya ta koma asibiti. Ita ta ce man shanu da tafarnuwa. Wani dattijo ya ce akwai mai magani a bayan Mai'aduwa da ke buɗe kunne da tofi. Direba ma ya juyo ya kawo nasa, har sai da na ce masa ya dubi hanya. Zulai dai tana jikin taga, ba ta san ita ake tattaunawa ba, ko kuma ta sani ta ƙyale mu.

A Kwangwalam aka duba takardunmu muka wuce ba wata matsala. A ɓangaren Nijar ne gabana ya faɗi. Wani jandarma dogo, irin jami'an tsaronsu, ya dubi takarduna, ya dubi yaran, ya ce, "Ina uwarsu?" Na ce tana gida. Sai ya sunkuya wajen Zulai ya ce, "Yarinya, wannan babanki ne?" Zulai ta kafa masa ido, ba ta ce komai ba. Ya sake tambaya da ƙarfi. Shiru. Na ga fuskarsa ta canja, kuma ban ga laifinsa ba, aikinsa ke nan, ana satar yara. Na buɗe baki zan yi bayani ya ɗaga mini hannu.

Kulu ce ta cece mu. Ta matso gabansa ta riƙe ƙugu ta ce, "Ba ta ji, sanƙarau ne ya cinye mata kunne. Ni ka tambaye ni." Ya ce to, wane ne wannan? Ta ce, "Babanmu ne, mai shanu ne, yana da minshari, kuma bai iya ɗaurin ɗankwali ba." Mutumin ya yi ƙoƙarin riƙe dariya ya kasa. Ya durƙusa ya nuna ni, ya nuna Zulai, ya haɗa yatsunsa biyu. Zulai ta kama gefen rigata ta riƙe tamau. Ya miƙo mini takardun ya ce, "Ku sauka lahiya. Allah ya ba ta sauƙi."

Motar da muka shiga daga can ta tsufa ƙwarai, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta. Kafin mu kai Matamai taya ta fashe, muka sauka gindin wata bishiya. A nan yaran suka fara cin irin burodinsu, dogo kamar sanda, bayansa da tauri. Kulu ta gartsa, haƙorinta da ke girgiɗi tun a gida ya maƙale a ciki. Ta dubi burodin ta dubi jini, ta tsala ihu. Wata tsohuwa da ke tallar fura ta wanke mata baki ta ba ta fura a ludayi, ta ce mata haƙorin Nijeriya ne ya fita, na Nijar zai fito. Wannan magana ta yi wa Kulu daɗi, har muka isa tana taɓa gurbin da harshe ko ya fara tsirowa.

Da la'asar muka shiga Damagaram. Gidan Yaya yana cikin tsohon gari, lungu-lungu, ga manyan duwatsu a tsakanin gidaje kamar an ajiye su da gangan. Rabona da ita tun rasuwar mahaifinmu. Ta rungume yaran tana kuka tana dariya, ni kuma ta dube ni ta ce na rame, alhali kowa a Sandamu cewa yake na yi tumbi. Mijinta Alhaji Mamman ya ba ni ɗakin zaure. Abin da na fara lura da shi shi ne yadda suke tattalin ruwa. Na ɗauki buta na yi alwala irin tamu, ina kwarara, sai na ga yaran gidan sun tsaya suna kallona kamar mai ɓarnar mai. A can ruwan da aka wanke shinkafa ma ba a zubarwa, akuya ake ba.

Hausarmu ɗaya da su, amma sai ka kasa kunne. Asibiti su likita suke ce masa, makarantar boko lakwal, malaminta mushe, acaɓa kuma kabu-kabu. Da rana tsaka gari yakan yi tsit, a rufe shaguna a kwanta, abin da in ka yi a kasuwarmu sai a ce ba ka da lafiya. Abinci kuwa Yaya ba ta raga mana ba. Akwai kwaɗon zogale da suke kira kwabto, da ƙuli da albasa, wanda na ci har na ji kunya. Alhaji kuma kullum sai ya dafa mana shayi da kansa a ɗan gawayi, yana yi mini tsiya wai mu 'yan Nijeriya komai namu gaggawa, har shan shayi.

Ranar da muka je wurin likita, ɗiyar Yaya ce ta raka mu, Rakiya, malamar makaranta ce, ta iya Faransanci. Likitan mutum ne mai haƙuri. Ya leƙa kunnuwan, ya sa wa Zulai wani abu a kai mai rufe kunne, ya ce ta ɗaga hannu in ta ji ƙara. Ina zaune ina kallon hannun nan nata a kan cinya. Na roƙi Allah ya motsa ko sau ɗaya. Bai motsa ba. Da ya gama, ya juyo da kujerarsa ya yi mini magana da Hausa, ba ta bakin Rakiya ba. Ya ce, "Malam, ba zan ɓoye maka ba. Jijiyar ji ce ciwon ya kashe, ta kunnen duka biyu. Ba ni da maganin da zai dawo da ita. Ka daina bari ana ɗiga mata abubuwa." Ya ci gaba da wasu maganganu game da karatu, amma ni daga nan ban ƙara fahimtar komai ba.

Muka fito. Zulai ta ɗaga kai ta dubi fuskata, yarinyar nan ta iya karanta fuska fiye da malamin duba. Ta sunkuyar da kai, ba ta ƙara kallona ba har gida. Na kasa kiran Rabi. Na ce wa Yaya gobe da sassafe za mu juya.

Rakiya ta ce, "Kawu, ka ƙara kwana ɗaya mana. Gobe Asabar ranar iyali ce a mize, ana shiga kyauta, yara su yi zane su yi gini. 'Yan ajinmu ma za su je." Mize shi ne gidan da suke ajiye zane-zane da kayan fasahar hannu don mutane su zo kallo. Na ce mata ni ba yawon buɗe ido ya kawo ni ba. Yaya ta ajiye muciya ta ce, "Lawal, yarinyar nan tun da kuka zo daga mota sai likita. Haka za ka mai da ita, ba abin da za ta tuna da Damagaram sai ɗakin da aka ce ba ta warkewa? Za ku je." Duk girmana, in Yaya ta yi wannan murya ba na musu.

Na sa farar shaddata da na zo da ita don Juma'a, a tunanina wurin manya za mu. Mu a Daura in an ce wurin tarihi, rijiya muka sani da tsofaffin takubba. Nan kuwa ɗakuna ne farare, an rataye zane-zane a bango, kowane da sarari a gefensa, mutane suna tafiya a hankali suna magana ƙasa-ƙasa kamar an shiga dubiya. Ba a taɓa komai. Kulu ba ta san da wannan doka ba, ta kai hannu kan wata ƙwarya da aka sassaƙa, mai gadi ya busa usur, ta ruga ta ɓuya a cikin rigata.

Akwai wani zane na garken shanu da ya tsayar da ni. An yi shanun shuɗi. Na ce wa saurayin da ke zagayawa da mu, "Ɗan'uwa, na yi shekaru ina harkar shanu, ban taɓa ganin shuɗiyar saniya ba." Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ka taɓa ganin farin garke yana dawowa bayan faɗuwar rana, kafin duhu ya rufe?" Na sake duba zanen. Wallahi haka suke. Na sha gani, ban taɓa lura ba.

A tsakar gidan aka kafa rumfuna aka shimfiɗa tabarmi. Yara sun cika wurin, wasu da fenti har a goshi. Abin da ya ba ni mamaki iyaye maza ne. Ga mutum da furfura a gemu, ya naɗe ƙafa a tabarma, 'yarsa tana ba shi umarni yana wanke mata burushi. A wajenmu uba ya kai yaro wuri ya tsaya daga nesa da hannu a baya, shi ke nan ya yi ƙoƙari. Ni ma hakan na yi niyyar yi.

Rumfar yumɓu Rakiya ta kai mu. Da farko na ɗan ja baya, don ina tsoron kada a sa yara ƙera gumaka. Ashe faifai ake yi na yumɓu, mai faɗin tafin hannu biyu, a zana masa irin adon da ake yi a fuskar gidajen gargajiya. Mai koyarwar wata mata ce da goyo a bayanta, ba za ta wuce shekara talatin ba. Na yi mata sallama tana sunkuye, ba ta amsa ba. Na sake yi. Na ce a raina, wannan wace irin mace ce. Sai na ga ta ɗaga wani jan ƙyalle ta kaɗa, yaran duk suka dube ta, ta nuna musu yadda ake murza yumɓu ba tare da ta ce uffan ba. Rakiya ta raɗa mini, "Kawu, Mariyama ke nan. Kurma ce tun tana ƙarama. Babban adon bangon nan da muka wuce a ƙofa, aikinta ne."

Sauran yara suna ta surutu suna tambayar juna me ta ce. Zulai kaɗai ce ba ta ɓata ko motsi ɗaya ba, don ita da ido ta saba saurare. Kafin a jima faifanta ya fi na kowa laushi. Mariyama ta zagayo ta tsaya a kanta. Ta tafa hannu a bayan kan Zulai, yarinyar ba ta juya ba. Sai ta zauna a gabanta, ta taɓa nata kunnen, ta yarfar da hannu alamar babu, ta nuna ƙirjinta. Sannan ta nuna Zulai ta ɗaga gira.

Zulai ta daskare. Ta dubi matar tun daga kai har ƙafa, ta leƙa jaririn da ke bayanta, ta dubi yaran da ke jiran umarninta. Sai ta juyo gare ni, ta buɗe baki da muryar nan tata mai ƙarfi da na daɗe ban ji a gaban mutane ba, ta ce, "Baba! Ita ma ba ta ji? Kuma ta girma? Har da ɗanta?"

Duk rumfar aka waiwayo. Wasu ƙananan yara suka yi dariya, amma ko a jikinta. Ni kuwa na zauna a tabarmar nan ban san na zauna ba. Sai a lokacin na gane yarinyar nan ba ta taɓa ganin babbar mace kurma mai gidanta da sana'arta ba. Allah kaɗai ya san abin da take saƙawa a ranta duk tsawon lokacin nan game da abin da za ta zama.

Mariyama ta turo mini curin yumɓu gabana. Na nuna mata shaddata. Ta kaɗa kafaɗa ta ƙara turo shi. To, abin da aka gaya muku gaskiya ne, na naɗe hannun riga na kwaɓa. Faifaina ya fito a karkace kamar ƙosan da ya faɗi ƙasa. Ana cikin haka Kulu ta zo nuna mini nata, ta dafa ƙirjina da hannu duk yumɓu, ta bar mini shatin yatsu biyar a farar shadda. Mariyama ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta nuna ni, ta buga tafinta a ƙirji. Rakiya ta ce, "Kawu, an raɗa maka suna. A maganar hannu kowa da alamarsa, taka ke nan." Ta Zulai kuma yatsa ne a kan haƙoran gaba, saboda wushiryarta. Yarinyar ta yi ta maimaita sunanta, ta yi nata ta yi nawa.

Da aka tashi, na roƙi Rakiya ta tambayar mini matar yadda aka yi ta kai haka. Suka yi ta rubutu a waya suna miƙa wa juna, Rakiya tana fassara mini. Ta ce mahaifinta ne ya kai ta makarantar kurame, dangi suna cewa ɓata lokaci ne. A can ta koyi karatu da maganar hannu da aikin yumɓu. Mijinta tela ne, yana ji, ya koyi maganar hannu kafin ya nemi aurenta. Daga ƙarshe ta rubuta wani abu ta dube ni ido cikin ido kafin ta miƙa wayar. Rakiya ta karanta: "Ta ce kunnen ne ya tafi, kan yana nan, kada ka zaunar da ita a gida. Kuma ku ma ku koya, kai da uwarta. In ba haka ba za ta girma baƙuwa a cikin gidanku."

Washegari muka kamo hanya. Faya-fayan yumɓun ba su gama bushewa ba, Yaya ta naɗe mana su a tsumma cikin kwano. Wajen Kance mota ta faɗa rami, wani buhun albasa ya danne kwanon, na Zulai ya rabe biyu. Na zaci za ta yi kuka. Ta duba, ta haɗa ɓangarorin, ta yi mini alamar murza yumɓu, wato za ta yi wani. Jandarman nan ba ya bakin aiki da muka zo iyaka, Kulu ta ji haushi, ta so ta nuna masa gurbin haƙorinta.

Rabi tana bakin ƙofar tsakar gida muka shiga. Ba ta tambaye ni ba, fuskata ta duba. Na girgiza kai. Ta juya za ta shige ɗaki hawaye na zuba, sai Zulai ta riƙo hannunta ta zaunar da ita a kan turmi. Ta kama yatsun uwar tana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, ta kai hannun kan kumatunta yadda Mariyama ta koya mata, ta ce da ƙarfi, "Inna, wannan ke ce." Rabi ta dube ni, na ce mata ta share hawaye ta maimaita, labari yana da tsawo.

Yanzu ga inda muke. Na je na ga makarantar kurame da aka kwatanta mini a nan jiharmu, na yi magana da shugabanta, in Allah ya kai mu sabon zango Zulai za ta fara. Kafin nan, Mariyama tana ɗaukar hoton hannunta mai motsi, Rakiya ta turo mana ta waya, kalma-kalma. Kullum bayan la'asar Zulai tana tara mu a gindin darbejiyar gidanmu, ni da Rabi da Kulu da yayarsu, har da 'ya'yan maƙwabta biyu daga cikin masu yi mata dariya a da. Ita ce malama, kuma ba ta da sassauci ko kaɗan. Kulu ce ta ɗaya a ajin, ni ne na ƙarshe, yatsuna sun saba da igiya, ba sa lanƙwasuwa. Jiya na manta alamar ruwa, na juya na tambayi Rabi da baki. Malama ta gan ni. Ta buga tafinta a ƙirji, wato sunana, ta nuna mini ƙofar zaure, sai da na yi tsayuwar horo a waje kafin ta yarda na dawo.